Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Limaman Juma'a: A Juya Huɗubar Ƙana'a Ta Fuskanci Sahun Gaba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina neman afuwa tun kafin in buɗe baki. Ni mamu ne, ɗaya daga cikin masu shimfiɗa darduma a bakin titi idan masallaci ya cika. Kun koya mana cewa idan liman na kan mumbari, ko wanda ya ce wa na kusa da shi ya yi shiru ya yi wargi. Saboda haka mamu ba shi da damar ɗaga hannu ya ce yana da tambaya, sai dai ya haɗiye ta ya tafi gida. Tawa ce na kasa haɗiyewa, shi ya sa na rubuta.

Na zaɓi in rubuta muku, ba gwamnoni ko 'yan majalisa ba, don babu wani mai mulki a ƙasar nan da yake da abin da kuke da shi. Kowane mako miliyoyin mutane su yi wanka, su sa tufafinsu mafi kyau, su zo da ƙafarsu su zauna shiru suna sauraron ku, ba a ba su kuɗin mota ba, ba a raba musu taliya ba. Ɗan siyasa sai ya kashe miliyoyi kafin ya tara rabin wannan.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, babu darasin da muka fi ji daga bakinku kamar haƙuri da ƙana'a. Litar mai da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dala da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500. A tsakiyar 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40 cikin ɗari. A duk wannan tsakanin kuna karanta mana hadisin da ya ce wadata ba yawan dukiya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Kuna tuna mana cewa a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, akan yi wata da watanni ba a hura wuta ba, sai dabino da ruwa. Kuna ce mana a rage buri, a rage kashe kuɗi, a koma ga Allah. Duk gaskiya ne, babu musulmin da zai ja da ko harafi ɗaya. Tambayata ita ce, wa ake faɗa wa?

Ku tsaya a shagon unguwa bayan la'asar na minti goma. Yarinya za ta zo da naira ɗari uku a dunƙule a hannu, ta ce a ba ta man gyaɗa na ɗari, magi na hamsin, sauran a auna mata garin kwaki. Mai shago ya tsiyaya man a 'yar leda, bai kai cokali uku ba, ya ƙulle. Wannan shi ne cefanen gida guda. Garau-garau da a da ake kira abincin talaka yanzu sai mai hali. Awara ta maye gurbin nama a tukunya. A Kano an kai ga mutane na sayen afafata, gutsattsarin shinkafar da masu injin casa ke warewa, wadda a da masu kiwon kifi ne ke kwasa. Malamin firamare ya jingine babur ɗinsa a zaure yana takawa zuwa makaranta. A Bauchi, cikin azumin 2024, mata sun mutu a turmutsitsin karɓar zakka. Allah ya gafarta malamai, me waɗannan za su rage? Zuhudu, kamar yadda kuka karantar da mu, shi ne mutum ya samu duniya a hannunsa ya ƙi barin ta ta shiga zuciyarsa. Wanda bai ci abincin rana ba don babu, yunwa yake ji kawai, kuma idan aka ci gaba da yi masa wa'azin gudun duniya, wata rana zai fara zargin cewa ana so ne ya yi shiru.

Wanda yake da abin ragewa kuwa yana nan tare da mu a masallacin. Ana jin jiniyarsa tun daga nesa, 'yan sanda su buɗe masa hanya ta tsakiyar sahun da talakawa suka jera tun ƙarfe goma sha biyu, a tsallaka da shi har bayan liman inda aka keɓe masa wuri. Wani lokaci ma huɗubar kan ɗan jira isowarsa. Ya saurari wa'azin ƙana'a yana gyaɗa kai, don ya san ba da shi ake ba. Bayan sallama a yi wa shugabanni addu'a, ya fita, samari su bi motarsa da gudu ana watso musu 'yan ɗari biyar-biyar ta taga.

A shekarar da aka ce kowa ya ɗaure ciki, aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motocin da jaridu suka ce kowace ta haura naira miliyan 100, har ɗaya daga cikin sanatocin ya kare sayen da cewa ai hanyoyin ƙasar ba su da kyau. A watan Yunin 2024 aka buɗe sabon gidan mataimakin shugaban ƙasa da ya ci naira biliyan 21. A watan Agusta aka kawo sabon jirgin shugaban ƙasa. A cikin watan ne kuma Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa BBC Hausa cewa abin da ke shigo masa duk wata na tafiyar da ofis ya kai naira miliyan 21, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi wata guda kafin nan naira 70,000 ne. Wato kuɗin ofishin sanata guda na wata ɗaya albashin ƙananan ma'aikata 300 ne. Ban kawo sunansa don zargi ba, shi dai ya faɗi abin da sauran ke ɓoyewa. Kuma wannan duk a ƙasar da rahoton gwamnati na 2022 ya ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa.

Ba ni zan koya muku tarihinku ba, amma ku ba ni dama in tuna muku gidan da kuka gada. Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi bayyana bambancin mulkin adalci da na zalunci a Kitabul Farƙi, bai tsaya kan sallah da azumin sarakunan Haɓe ba. Ya lissafa jangali, da kuɗin gari, da gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin ya saurari kuka, da abin da ake ƙwata a hannun mahauta da 'yan kasuwa, ya haɗa su wuri guda da cin abin da suka ga dama, da sa tufafin da suka ga dama, da tara mata a gidajensu. Shehu ya gane cewa abu ɗaya ne: almubazzarancin fada shi ke haifar da harajin kasuwa. Sarkin da buƙatarsa ba ta da iyaka dole hannunsa ya kai aljihun talaka. Shi kansa Shehu, bayan an ci nasara, ya raba ragamar mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya zauna a Sifawa yana karantarwa da rubutu.

Labarin ƙanen nasa, Malam Abdullahi na Gwandu, ya fi taɓa ni, don shi ba da maƙiya ya yi rigima ba, da nasa ya yi. Ana tsakiyar jihadi, wajen shekarar 1807, ya dubi jama'ar da suka fito tare don Allah ya ga zukata sun fara karkata. A waƙensa ya koka da mutanen da burinsu ya koma mallakar garuruwa, da tara ƙwaraƙwarai, da riguna masu tsada, da dawakan da ake sukuwa da su a cikin gari ba a fagen fama ba, da cin rashawa. Abin ya ishe shi har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano ne suka tare shi suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake mulki, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, sannan ya koma. Ku duba fa, wannan malami ne da ɗan'uwansa ke jagorantar daular, shi kansa waziri ne, yana da duk wani dalili na ya kawar da kai ya ce a yi wa shugabanni addu'a. Bai juya ga talakawan Gobir ya ce su rage cin tuwo ba. Masu riƙe da tuta ya fuskanta.

Kafin su kuma akwai Sayyidina Umar a shekarar fari da yunwa ta 18 bayan Hijira. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai jama'a sun samu, ya koma cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, aka girka tukwane a Madina ana ciyar da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Kuna ba mu wannan ƙissa sau da yawa, mu yi kabbara, a wuce. Amma ƙissar ba ta talaka ba ce. A shekarar yunwa shugaba ne ya fara rage cinsa, kuma bai tsaya nan ba, ya buɗe baitulmali.

Abin da nake so in jawo hankalinku a kai shi ne, sauƙin rayuwar mai mulki ba ado ba ne, ba kuma wata nafila ba ce tsakaninsa da Ubangijinsa da za a ce ba ruwan kowa. Shi ne ke yanke hukuncin ko zai iya cewa a'a. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Malam Aminu Kano. Ya ajiye aikin koyarwa a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU, ya shiga siyasar da ba ta da komai sai ɗauri da duka. Daga baya ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon, ya ga kuɗin mai da idonsa lokacin da suka fara kwarara. Ya rasu a watan Afrilun 1983, kuma gidansa na Gwammaja yana nan, Gidan Mambayya, kowa na iya zuwa ya ga ɗakin da ya rayu a ciki. Mutane kan ba da wannan labari kamar labarin waliyyi, a jinjina kai a ce an yi mutanen kirki. Ni kuwa ina ganin lissafin siyasa ne tsantsa. Mutumin da farar riga da jar hula suka ishe shi, da me za ka saye shi? Da me za ka tsorata shi? Ba shi da gidan Landan da za a ƙwace, ba shi da kwangilar da za a soke. Shi ya sa ya iya tsayawa gaban Turawa da En'e da sarakuna shekara da shekaru. Shi ya sa kuma da jam'iyyarsa ta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da Shehu ya yi kuka da shi tun kafin a haifi kakanninsu. Magoya bayan NEPU da kuɗinsu suke sayen katin jam'iyya. Tela da mahauci da ɗan koli su ke ciyar da tafiyar, don haka su ke da ita.

Yanzu ku auna da yau. A 2022 fom ɗin neman takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20. A PDP na shugaban ƙasa miliyan 40. Wannan kuɗin shiga ƙofa ne kawai, ba a zo ga daliget da ake sallama da dala ba, ba a zo ga atamfa da taliya da sabulun ranar zaɓe ba. Wanda ya hau kujera ta wannan hanya ya hau ne da bashi a wuyansa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kafin ya tuna da asibitin garinsu sai ya biya ubangida, ya mayar da abin da ya kashe, ya tara na zaɓe mai zuwa, sannan ya gina gidan da ya dace da sabon matsayinsa, don yanzu ba zai iya komawa unguwar da ya fito ba. Rayuwa mai tsada ita ke buƙatar siyasa mai tsada, ita kuma ta dawo ta ƙara wa rayuwar tsada.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma a nan ne wa'azinku ga sauran sahu yake da wurin zama, in an saita shi daidai. Mu ne muke cika ƙofar gidan kansila tun da asuba, wannan matarsa ta haihu, wancan zai aurar da 'ya, wani kuma yana son ragon layya. Albashin kansila nawa ne? Mun san bai isa ba, mun san inda zai samo cikon, amma muna karɓa muna sa albarka. Wanda ya riƙe muƙami shekara huɗu ya sauka da tsohuwar motarsa, a majalisar unguwa ba a cewa mai amana ne. Cewa ake bai yi wa kansa komai ba, ko a ce baƙin ciki ne da shi, ya ƙi ci ya hana wasu. 'Yan'uwansa ma su fi kowa jin haushinsa. Matashin da ke zaune a gefe yana jin wannan hira ya riga ya koyi darasin da zai yi aiki da shi ranar da tasa damar ta zo.

Babu inda abin ya fi fitowa fili kamar aure. Sadaki, wanda shi ne sharaɗi, ya zama mafi ƙanƙantar abin da ake kashewa. Akwatunan lefe saiti-saiti, kayan ɗaki da uba zai sayar da gona ko ya ci bashi ya yi, gara, anko kala uku, kamu, dina a zauren haya, mai hoto, mai kwalliya, liƙi. Ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin albashi da 'ya'ya mata huɗu, idan ya kwanta yana wannan lissafi, gobe aka kawo masa fayil da ambulan a ciki, sai wanda Allah ya tsare. Su wa suka kafa wannan ma'auni? Ba talaka ba ne. Daga sama yake gangarowa. An yi ɗaurin auren 'ya'yan manya a ƙasar nan da jiragen alfarma suka cika filin jirgin Kano har wurin ajiyewa ya yi wuya, filin da ke ɗauke da sunan Malam Aminu. Hotunan su zagaya a waya, 'yar mai gadi ta gani, ita ma mutum ce. A ƙarshe gwamnati ta dawo tana kashe ɗaruruwan miliyoyi kan auren gata, kamar wanda aka yi wa ma'aurata 1,800 a Kano a 2023, don aure ya fi ƙarfin talaka. Kuma a kowane irin wannan ɗaurin aure, na ƙasa da na sama, akwai malami a zaune yana karanta huɗuba.

Akwai kuma tambayar ina kuɗin ke tafiya. Shaddar Gezna da manyanmu ke yin babbar riga da ita daga Ostiriya take zuwa, atamfa Sufa daga Holan, leshi daga Turai, mai araha kuma daga Sin, har kwaikwayon zanen namu. Masaƙar Kaduna da gwamnatin Sardauna ta kafa a 1957 ta rufe, sauran na Kakuri suka bi ta, na Sharaɗa da Bompai da Chalawa da yawa sun zama kango ko rumbun ajiye kayan waje. Na san ba son shadda kaɗai ya kashe su ba, akwai rashin wuta da fasa-ƙwauri da manufofin gwamnati. Amma jikokin ma'aikatan nan su ne ke bin motar mai babbar riga da gudu. Thomas Sankara, da ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya sayar da Marsandin gwamnati ya sa ministoci shiga ƙaramar Renault 5, ya kuma sa ma'aikata sanya saƙin ƙasarsu, don manomin auduga da masaƙi su samu kasuwa. Mutum na iya sukar mulkinsa ta wasu fuskoki, amma ya fahimci cewa rigar da shugaba ya sa umarni ce ga kasuwa.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma suna da hujja. Za a ce Allah yana son ya ga alamar ni'imarsa a kan bawansa, kuma cikin sahabbai akwai attajirai irin su Sayyidina Usman da Abdurrahman bin Auf. Haka ne. Ba ina kira a tsani mai kuɗi ba, ɗan kasuwar da ya yi guminsa a Kwari ko Singa ko Dawanau ya ci halalinsa, ya fitar da zakka. Maganata kan wanda dukiyar jama'a ke hannunsa ce. Waɗancan sahabbai da fatauci suka samu, kuma a kan jama'a suka ƙarar, ba daga baitulmali suka ɗiba ba. Za a kuma ce sauƙin rayuwa na iya zama wasan kwaikwayo. Wannan ma gaskiya ne, duk mun ga ɗan takara ya tsaya cin gasasshiyar masara a bakin titi ana ɗaukar hoto. Har wanda sauƙin nasa na gaske ne, ba shi ke nan an gama ba. A 2015 Arewa ta fito ƙwai da kwarkwata ta zaɓi Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, saboda shaidar da aka yi masa ta rashin kwaɗayi, amma shekara takwas ɗin sun nuna mana cewa shugaba na iya kame hannunsa na kusa da shi su saki nasu. Kamun kai sharaɗi ne na farko, sai an haɗa da iya aiki da bin diddigi da hukunta na jiki. To amma wanda ya faɗi a sharaɗin farko, ina zancen sauran?

Yanzu na zo wurin da ya fi mini nauyi, ina kuma sake neman afuwa. Allah ya gafarta malamai, jama'a na ganin motocin da ake kawo wa wasunku kyauta idan zaɓe ya matso. Suna ganin jerin sunayen kujerun Hajji da Umara na gwamnati. Sun ji an ware naira biliyan 90 don tallafa wa aikin Hajjin 2024, ibadar da Allah bai wajabta ta ba sai ga mai iko, a shekarar da marasa iko ke cin afafata, kuma ba su ji mumbari ya girgiza ba. Ba duka ba ne, na sani. Akwai limamai da yawa, musamman a ƙauyuka da unguwanni, da ke noma da hannunsu, ko ɗinki, ko koyarwa, ba su taɓa taka gidan gwamnati ba, wasu ma sun faɗi gaskiya sun sha wahala a kanta. Amma ƙalilan ɗin da ake gani a hoto sun jawo wa kowa. Kun fi ni sanin hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Gwamna ba ya ba malami mota don ya iya Alfiyya, littafin nahawun Larabci. Yana ba shi ne don sahun da ke bayansa.

Sakamakon mun gan shi a watan Agustan 2024. Malamai da dama suka yi kira kada a fita zanga-zangar tsadar rayuwa, wasunsu da kyakkyawar niyya, don tsoron zubar jini, kuma abin da suka ji tsoro ya faru, an rasa rayuka an yi ɓarna. Amma matasa ba su saurara ba. A Facebook da TikTok yaran da a da ba sa iya haɗa ido da malami suka riƙa kiran malamai 'yan kwangila. Ban ji daɗin wannan ba ko kaɗan, rashin ladabi ne, kuma al'ummar da ta daina jin maganar malamanta tana cikin hatsari, mu da muka ga abin da ya faru a Arewa maso Gabas mun san wa ke cike gurbin. Sai dai ku tambayi kanku me ya kawo haka. A watan Nuwamba aka gurfanar da wasu yaran da aka kama a kotu a Abuja, ƙasusuwansu a waje, wasu suka faɗi a gaban alƙali. Yaran da aka yi ta ce wa su yi haƙuri ke nan. Da sun taɓa jin an faɗa wa na gaba ya rage, da murya ɗaya da wadda ake faɗa musu, da wataƙila ranar da kuka ce su zauna a gida sun zauna.

Ba ina roƙon ku zagi kowa ba, ko ku mai da mumbari dandalin jam'iyya. Ayoyin suna nan, ba sai an ƙara musu gishiri ba. Wadda ta ce almubazzarai 'yan'uwan shaiɗanu ne tana cikin Suratul Isra'i, a surar kuma akwai wadda ta ce idan Allah ya nufi halaka alƙarya, ma'abota ni'imarta ne ke fara fasiƙanci a cikinta. Abin da nake roƙo shi ne ranar da mai girma ya zo masallacinku, ko ya halarci rufe tafsiri, a karanta su a fassara da Hausar da kowa zai gane, kada a sauya darasin ranar zuwa falalar biyayya ga shugabanni. Idan an gayyace ku ɗaurin auren da kuka san an kashe abin da zai gina aji goma, kuma kun san albashin uban amarya, kuna da ikon ba da uzuri, rashin ganinku a wurin ma huɗuba ce. Ku haɗa kai da masu unguwanni da dagatai da iyaye mata, don su ke riƙe da lefe da gara, a yanka wa biki iyaka, a fara aiwatarwa daga gidan mai kuɗin unguwa. Idan wani ya sauka daga muƙami bai tara komai ba, ku ambace shi da alheri a bainar jama'a yana raye, 'ya'yansa su ji, kada a jira ranar jana'izarsa.

Zaɓe kuma na tafe, za a fara zagayen gaisuwa, za a zo da ambulan da makullan mota da alkawarin gyaran masallaci. Wanda zai iya mayarwa ya mayar. Wanda ya ga akwai maslaha a karɓa don masallaci ko makarantar Islamiyya, to Juma'ar da ta biyo baya ya sanar da mamu daga kan mumbari: wane ne ya kawo, nawa ne, kuma me za a yi da su, kwamitin masallaci ya rubuta a manna a allon sanarwa kusa da lissafin kuɗin asusu.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya da nisan kwana, ya yafe mini inda harshe ya zarce.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani mamu daga Kano